Tambaya Ta Biyu: Inda Ƙananan 'Yan Jaridarmu Ke Tuntuɓe

[Hoto: ɗalibai uku cikin kayan makaranta a ƙofar asibitin unguwa, waya ɗaya, littafin rubutu ɗaya.]

Tun da muka saka bidiyon ɗaliban ƙaramar sakandare suna hira da matar da ke bi gida-gida tana ɗiga wa yara maganin shan inna, saƙo iri ɗaya ake ta aiko mana: a turo jerin tambayoyin, mu ma mu ba ɗalibanmu. Malamai, za mu turo. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Shirin farko ba shi da wuya. A zaɓi mutumin unguwa: ungozoma, mai garuwa, ɗan sintiri, mai sharar kasuwa. A nemi izininsa, a nemi na iyaye da na shugaban makaranta. A tafi da rana, su biyu ko uku, malami na biye. Tambayoyi shida: wa, me, ina, yaushe, ta yaya, me ya sa. A yi cajin waya, don Allah.

[Hoto: ɗaliba ta durƙusa ta gaida matar, ta buɗe littafi.]

To, ku kalli idonta. Ta yi tambayar farko, Mama ta fara ba da amsa, ita kuwa idonta ya riga ya sauka kan tambaya ta gaba. Kunne na nan, hankali na kan takarda.

A ce matar ta ambaci cewa akwai gidan da sai da ta koma sau uku kafin maigidan ya bari a ɗiga wa yaransa. Labarin ke nan gaba ɗaya, ya faɗo a gaban yarinya. Me ya hana shi da farko? Wa ta je ta samu, mai unguwa ko liman? Ranar da ya amince, me ya ce? Ita kuwa ɗalibarmu sai ta karanto abin da ke rubuce: shekara nawa kika yi kina aiki?

Ban ga laifinta ba. Mun taso an koya mana yaro ba ya tsare babba da tambaya, ba ya ce masa "don me". Tarbiyya ce, kuma ina alfahari da ita. Shi ya sa ba na so a ce wa yaro ya ajiye kunyarsa a gida. A koya masa yadda ake tambaya cikin ladabi kawai. "Mama, ki yi haƙuri, ɗazu kin ce sau uku kika koma. Daga nan sai aka yi yaya?" Kun ji? Da kalmominta aka gina tambayar. Babu dattijuwar da za ta ji haushi don yaro ya riƙe maganarta. Yawanci ma gyara zama take yi.

[Hoto: akwatin sanyi, alli a jikin bango, ƙaramin yatsan jariri da shafin tawada. A bar shi ya gudana, ba magana.]

Ɗigo biyu a bakin yaro ɗan ƙasa da shekara 5. A Borno aka ga cutar shan inna ta asali karo na ƙarshe a Najeriya, a 2016, kuma a watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an kawar da ita daga Afirka. Wannan kowa zai iya samu a intanet. Yadda ƙafar matar nan ta sha rana kuwa, sai a bakinta.

Akwai kuma shiru. Yaro ya yi tambaya, babba ya ɗan yi jim, sai yaron ya firgita ya jefo wata. A'a, ƙirga biyar a zuci. Tunani take yi.

Ga atisayen da na fi so, minti 10 ya isa. Ɗalibai su zauna bibbiyu. Tambaya ɗaya tak aka yarda a rubuto daga gida. Sauran dole su fito daga bakin wanda ake hira da shi. Zagayen farko dariya za ku sha, wani zai tambayi abokinsa sunansa alhali benci ɗaya suke zama. Zuwa na uku za ku ga littafin ya koma kan cinya.

[Hoto: taron safe, ɗaliba riƙe da takarda a gaban layuka.]

Kafin a karanta a taron safe, a koma wurin Mama a karanta mata abin da aka rubuta. Suna daidai? Shekarun daidai? Akwai gidan da ba ta so a gane? A goge shi. Sannan a miƙa wa ɗaliba lasifika.