Maganin tayirod ba ya son gaggawa

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Daga Ingila nake muku magana, tasowata ke nan daga ɗakin ba da magani inda nake aiki. Yau zancen tayirod za mu yi, don da wuya rana ta fito ta faɗi ban miƙa wa wani wannan kwalin maganinta da ke hannuna ba.

Ku ɗora yatsa a gaban wuya, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, ku haɗiyi yawu. A nan tayirod take zaune, wata 'yar halitta ce mai haɗa sinadaran jiki, tana hawa tana sauka tare da maƙogwaro. Nauyinta wajen giram 20 ne, in ta kumbura kuwa shi ne maƙoƙo. Aikinta ta tsamo aidin, sinadarin nan da ake ƙara wa gishiri, daga jini ta haɗa sinadarai biyu, T4 da T3. T4 ta fi yawa, amma T3 ce mai ƙarfin, shi ya sa hanta da ƙoda da sauran sassan jiki suke cire wa T4 aidin ɗaya ta koma T3. Bugun zuciya, ɗumin jiki, motsin hanji, yadda jiki ke ƙona abin da aka ci, duk da hannunsu a ciki.

Ba gaban kanta take yi ba. Akwai wata 'yar halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa, fituwitari, mai aiko mata da umarni ta sinadarin TSH. Nan ne mutane ke rikicewa da takardar gwajin jini. Mutum ya ga TSH ta hau, sai ya ɗauka tayirod ɗinsa ce ta yi yawan aiki, alhali akasin haka ne. Kamar shugaban aiki ne, sai ma'aikaci ya yi sanyi yake ɗaga murya. TSH a sama, tayirod ta gaza. TSH a ƙasa sosai, ta wuce gona da iri.

To, ga maganin wadda ta gaza, lebotayiroksin. Bari in ɓallo ɗaya in matso da ita kusa da kyamara. Kun gan ta, 'yar mitsitsiya, maikurogiram 50 ce, akwai ta 25, akwai ta 100. T4 ce sak irin ta jiki, tun 1927 Charles Harington da George Barger suka fara haɗa tayiroksin a ɗakin bincike. Abin da ke damuna shi ne mai gajiya da jin sanyi da ƙiba ya sha na kwana huɗu, bai ji canji ba, sai ya watsar ko ya ninka. Don Allah kada ku yi haka. T4 na ɗaukar kusan kwana 7 kafin rabinta ya bar jini, saboda haka sai an yi makonni kafin ta daidaita, kuma dalilin da ya sa likita ke jiran mako 6 zuwa 8 ke nan kafin ya sake gwaji. Ninkawa kuwa zuciya take wahalarwa, ta rage ƙwarin ƙashi, shi ya sa ake fara wa tsofaffi da masu ciwon zuciya da kaɗan.

A sha da ruwa, ciki ba komai, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Ƙwayar ƙarin jini da ta kalsiyam suna kama maganin a hanji su hana shi shiga jiki, a raba su da awa 4. 'Yar uwa, in kika samu juna biyu kada ki daina sha, ki gaya wa likita da wuri, don yawanci ƙara miki za a yi.

Ɗaya ɓangaren, wadda ta wuce gona da iri, galibi cutar Graves ce, inda garkuwar jiki ke tunzura tayirod ta yi yawan aiki: rama duk da cin abinci, gumi, rawar hannu, zuciya na dukan tara-tara. A nan kabimazol muke bayarwa, a Amurka metimazol. Yana hana haɗa sabon sinadari ne kawai, ita kuwa tayirod tana da ajiyar da za ta kai ta makonni, to shi ma sai an jira. Kafin nan furofaranolol ke kwantar da zuciya da rawar hannu. Ana shan kabimazol wata 12 zuwa 18, in cutar ta dawo a duba aidin mai tururin nukiliya ko tiyata.

Wuri ɗaya ne ban yarda a jira ba. Kabimazol kan karya fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana kisa. In kana shansa ka ji ciwon maƙogwaro, ko zazzaɓi, ko gyambo a baki, kada ka ce mura ce za ta wuce. Ka dakatar da maganin, ka tafi asibiti a ranar, ka gaya musu abin da kake sha, a gwada jininka kafin ka sake haɗiye ko ƙwaya ɗaya.