Filasma da Yadda Folima Mai Ɗaukar Wuta ke Kama Yadi: Lacca a Bauchi

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? Madalla. Abu uku na ce zan taɓo: folima, filasma, da shafa folimar a yadi; mu ga ko lokaci zai bar mu.

Na farko, ita folimar kanta, wato dangin roba. Roba dai mun san ta da tare wutar lantarki, shi ya sa ake naɗe waya da ita. A 1977 Shirakawa da MacDiarmid da Heeger suka nuna akwai wadda wuta ke bi ta cikinta, har suka ci kyautar Nobel a 2000. Yau uku aka fi shafa wa yadi: folifairol, foli'anilin, da PEDOT:PSS. Da su ake yin riga mai auna bugun zuciya, ko yadi mai ɗumama jiki. Shafawa ba wuya. Zaman folimar a jikin yadin ne aiki.

Ku samo ƙyallen foliyesta a kasuwar Wunti, ku ɗiga masa ruwa. Ɗigon zai tsaya ƙulu-ƙulu kamar a kan ganyen gwaza. To shi PEDOT:PSS cikin ruwa yake zuwa, folimar ba ta wuce kashi ɗaya da ɗoriya cikin ɗari ba. Yadin da ya ƙi ruwa, ina zai karɓe shi? Sai ya bushe a sama-sama, a yi wanki, ya ɓantare kamar fenti a bango mai ƙura.

Na biyu, nan filasma ke shigowa. Iska ce aka banka wa lantarki har ƙwayoyinta suka farfashe; walƙiyar damina ma filasma ce. Hanya biyu ce. Ko a sa yadin a akwati, a zuƙe iskar ciki, a saki oksijin ko argon kaɗan, a kunna wuta a megahaz 13.56. Ko kuma a bi da shi a buɗaɗɗiyar iska, tsakanin faranti biyu na ƙarfe da aka rufe aƙalla ɗayansu da gilashi ko siramik. Ta biyun ba ta buƙatar famfon zuƙe iska. Aikin filasma kuwa biyu ne: ta karce fatar zaren, ta kuma dasa masa ƙwayoyi masu oksijin, su haidroksil da kaboksil, waɗanda folima ke maƙalewa a jikinsu. Duk a cikin 'yan nanomitoci na sama (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Cikin zaren ma bai san an yi ba.

Amma a wanke yadin tukuna! Zaren roba da mai yake fitowa daga masana'anta, na auduga da sitaci. Idan ba a cire ba, man ka gyara, ba zaren ba. Mutanen Gombe, masu auduga, ku busar da ita sosai, don danshinta na hana famfo zuƙe akwatin.

Yanzu ga wurin da nake so ku buɗe kunne. Ɗalibi zai ga minti ɗaya ya yi kyau, sai ya ce bari in ba shi goma. Kuskure ke nan. Filasma in ta yi yawa, sai ta daddatse dogayen sarƙoƙin da ke fatar zaren su zama gutsattsari. Gutsattsarin nan suna son ruwa ƙwarai, sai ka ɗiga ruwa ya shige nan take, ka yi ta murna. Alhali folimarka a kan ɓarɓashi ta zauna, ruwan wankin farko zai tafi da su duka. Na sake faɗa: shan ruwa ba shi ne kamawa ba. Ku gwada daƙiƙa 30, 60, 120, ku ɗauraye kowane, sannan ku sake ɗiga ruwan.

Ga kuma jinkiri. Ƙwayoyin nan da aka dasa ba sa zama a waje. A hankali suke juyawa su nutse cikin zaren, zafi kuma na hanzarta su. Ka yi filasma ranar Alhamis, ka ce sai Litinin za ka shafa, a zafin watan Afrilu na garin nan? Ka yi asara. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, a shafa cikin awannin farko.

Na huɗu... na uku ne ko? To, shafawar. A zuba DMSO, wani sinadari mai ƙara wa folimar ɗaukar wuta, kamar kashi biyar cikin ɗari a ruwan PEDOT:PSS, a tsoma yadin, a matse, a busar a wajen digiri 120. Sai gwajin gogawa da na wanki, ana auna om, wato ma'aunin yadda yadin ke tare wuta, kafin da bayan.

Na'am, Hajiya? Ta ce in om ya haura bayan wanki, ɓantarewa ce ke nan? A'a, ba kullum ba. Garin sabulu yana da kanwa-kanwa, yakan zare wa folima sinadarin da ke sa ta ɗaukar wuta, alhali tana nan daram a jikin zaren. Foli'anilin ma da ido za ki gani: kore ne, in ya sha sabulu sai ya koma shuɗi. Ki tsoma shi a ruwan asid mara ƙarfi. In koren ya dawo, om ya sauka, filasmarki ba ta da laifi. In kuwa farin zare kika gani yana leƙowa, sai ki koma ki duba daƙiƙa nawa kika ba shi.