Jawabin da na yi a taronmu na zumunci a Manchesta, kan kama hannun na baya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu maza da mata, malamanmu, yayye da ƙanne, da 'yan uwanmu na Nijar da na Gana da muke zaune tare a nan kamar 'yan ɗaki ɗaya, sannunku da zuwa, sannunku da sanyi. Waɗanda suka taso daga Bamingam da Lids da Bradfod tun da safe Allah ya ba da ladan zumunci. An ce minti goma sha biyar aka ba ni, to sakatare ka riƙe agogonka amma kar ka ɗago min hannu sai na kai aya.

Ni dai nas ce, yawancinku kun san ni a wajen tukunyar masa ne ranar sallah, amma aikin da nake ci da shi jinya ne. Shekara goma sha ɗaya na yi ina aiki a gida kafin in zo ƙasar nan ta Birtaniya a 2016, kuma zan fara da abin da ban taɓa faɗa a gaban jama'a ba, har maigidana sai daga baya ya ji. Na faɗi jarrabawar OSCE a karon farko. Eh, ni ɗin nan. Wadda ba ta sani ba, ita ce jarrabawar da NMC, hukumar rajistar nas-nas da ungozoma, take yi wa nas ɗin da ta yi karatu a waje, a sa ki ɗaki-ɗaki ki nuna aikin a aikace wani yana tsaye da takarda yana ba ki maki, kuma kuɗinta a lokacin ya kusa fam dubu ɗaya. Kuma wallahi ba allura ce ta kayar da ni ba, ba lissafin magani ba, ni da na sa ruwa a hannun jariri da fitilar waya an ɗauke wuta. Baki ne ya kayar da ni. Su so suke kina yi kina faɗa, ki gaisa, ki faɗi sunanki, ki tambayi mara lafiya sunansa da ranar haihuwarsa ki duba abin shaidar da aka ɗaura masa a hannu, ki tambaya ko akwai maganin da jikinsa ba ya so, ki nemi izini kafin ki taɓa shi, duk da baki a fili. Ni kuma na saba hannu ya yi aiki baki ya yi shiru, na duba komai da ido na wuce, mai ba da maki bai ji ba, abin da bai ji ba kuwa a wajensa ba a yi ba.

Abin da ya fi min ciwo ba faɗuwar ba ce. Bayan wata biyu na haɗu da wata 'yar uwa a wajen suna, Bahaushiya, muna cikin hira sai ta ce ai ita ma haka aka yi mata shekarar da ta wuce, a kan abu ɗaya tak. Gidanta da nawa bas ɗaya ne. Da ta faɗa min jimla biyu da ban yi asarar kuɗin nan da barcin wata biyu ba. Ban ga laifinta ba fa, don ni ma da na faɗi ɓoyewa na yi, aka tambaye ni na ce ai an ɗaga ranar. Kunya. Mu mutane ne masu kunya da kara, kuma abu ne mai kyau a gida da wajen surukai, amma a harkar aiki a ƙasar nan ita take cinye mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗa ramin da na gabansa ya faɗa, ya fito ya karkaɗe riga ya yi shiru.

Ku dubi 'yan Filifin da 'yan Kerala na Indiya da muke aiki tare. Yarinya za ta sauka a jirgi yau, kafin sati an haɗa ta da wadda za ta zauna da ita ta yi mata gwajin jarrabawar a falo da matashin kai a matsayin mara lafiya, an faɗa mata wane sashe ne mai koyarwa wane ne mai cin rai. Mu kuma in aka yi haihuwa ko rasuwa, masha Allah, ba wanda ya kai mu, cikin awa biyu giruf ɗin WhatsApp ya tara kuɗin kai gawa ko na ragon suna. Amma a ce wane ya ci PLAB, jarrabawar likitocin da suka yi karatu a waje, shekara guda kenan bai samu aiki ba, sai ka ji tsit, sai dai Allah ya kawo mafita. Amin, amma ai mafitar tana zaune a kujera ta uku tana shan kunun aya.

Wadda ta kama hannuna ba Bahaushiya ba ce, ba ma musulma ba ce, wata dattijuwar sista ce 'yar asalin Jamaika da ta kusa ritaya. Na yi shekara biyar a mataki na 5, matakin da sabuwar nas take farawa, yaran da na koya wa sa ruwa suna wuce ni zuwa mataki na 6, na shiga intabiyu sau uku ana ce min an gode. Na riga na yanke hukunci a raina cewa hijabina ne da launin fatata, kuma ba zan tsaya nan in ce muku babu wannan ba, akwai, duk wanda ya yi aiki a nan ya ɗanɗana. Amma ranar da matar nan ta zaunar da ni a ɗakin shan shayi ta ce in amsa mata tambaya ɗaya kamar ina gaban kwamiti, ina gamawa ta ce min ta ƙirga, na ce "mun yi" sau tara, ban ce "na yi" ko sau ɗaya ba. Ta ce su masu intabiyun nan maki suke bayarwa a takarda, kuma ba za su ba tawaga maki ba, ke suke nema. Na ce mata a wajenmu ana cewa yabon kai jahilci. Ta yi dariya ta ce to ki faɗi abin da ya faru kawai, wa ya lura numfashin mutumin ya canza, wa ya kira likita, wa ya rubuta rahoton. Ni ce. To faɗin gaskiya ai ba yabon kai ba ne. Sau huɗu muka zauna, kowane zama bai fi rabin awa ba, ta sa na karɓi aikin duba yadda ake wanke hannu a sashenmu don in samu abin da zan nuna, ta sa na nemi kwas ɗin kula da ɗalibai. Intabiyu na huɗu na samu. Yau ina mataki na 7, kuma awa biyu na matar nan suna cikin kowane albashi da nake ɗauka.

Kuma abin nan fa ba baƙonmu ba ne, Turawa suna da sunansu da fom ɗinsu amma mu mun daɗe da shi. Duk wanda ya san Kantin Kwari ya san yadda maigida yake ɗaukar yaro, ya fara da shara da ɗauko dila, a hankali a bar masa shago ya je sallah, a tura shi Legas sari, ya san wane dila ne mai cika alkawari, in lokaci ya yi a yaye shi da jari a kuma gabatar da shi ga masu ba da kaya bashi. Wannan gabatarwar ta ƙarshe ita ce ta fi jarin. Haka wanzami da ɗansa, haka ungozoma da wadda take riƙe mata fitila. Sai da muka sa farar riga muka rataya abin awo a wuya sannan kowa ya zama ɗan kansa.

Bari in taɓo likitoci, kuna nan ina ganinku. Yaro ya gama ABU ko BUK ko Danfodiyo, ya ci jarrabawar Turanci, ya ci PLAB 1 mai tambaya 180, ya zo nan Manchesta ya yi PLAB 2, ya samu rajistar GMC, hukumar likitocin ƙasar nan, yana ganin ya iso. Nan ne wahalar take farawa, don kowane aiki ya nema ana tambayar ko ya taɓa aiki a NHS, wato asibitocin gwamnatin ƙasar nan, gasa kuma ta yi tsanani ba kamar da ba. Abin da yake buƙata wani ya samo masa 'yan makonni na bin likitoci a asibiti yana kallo, wani babba da zai sa hannu a takardar shaida, wani ya karanta fom ɗinsa ya ce cire wannan, ƙara wancan, aikin binciken da ka yi a gida kan zazzaɓin cizon sauro ka rubuta shi kar ka raina shi. Wannan ba ya cin kuɗi. Yamma ɗaya ce. Da ɗan gari akan ci gari, to ku ne 'yan garin yanzu ko kun so ko ba ku so ba.

Waɗanda suka fi tsaya min a rai su ne 'yan kimiyya. Akwai mutane a ɗakin nan da digiri a kimiyyar ƙananan ƙwayoyin cuta, da na haɗa sinadarai, wasu har da digiri na biyu, suna aikin kula da tsofaffi dare da rana. Aikin halal ne kuma mai lada, ba na raina shi, ni ma na wanke tsoho na canza masa zani. Amma da yawa ba wanda ya taɓa faɗa musu cewa akwai hanya zuwa ɗakin gwaje-gwaje, cewa IBMS, cibiyar masana gwaje-gwajen asibiti, tana duba digirinka ta faɗa maka darussan da za ka cike, ka shiga a matsayin mataimaki a lab, ka haɗa kundin horo, ka yi rajista da HCPC, hukumar da take yi wa ma'aikatan gwaji rajista, ka zama cikakken ma'aikacin gwaji. Doguwar hanya ce, tana cin shekaru, kuma maganar biza tana iya shiga tsakani, shi ya sa ake son wanda ya bi ta ya zauna da kai ya dubi takardunka ɗaya-ɗaya. Kuma don Allah, tunda na ambaci biza, duk wanda ya ce ka kawo fam dubbai ya sayar maka da takardar ɗaukar nauyin aiki, ka gudu. Mun ga waɗanda suka sayar da fili a gida suka zo suka tarar babu aikin.

Sai 'ya'yanmu da aka haifa a nan. Iyaye, kowa so yake a ce ɗansa likita ne, to amma kun san cewa neman gurbin likitanci ana rufe shi 15 ga Oktoba, watanni kafin na sauran kwasa-kwasai? Kun san akwai jarrabawar UCAT ta masu neman gurbin likitanci da ake yi tun lokacin hutun bazara, kuma makarantun likitanci huɗu kawai yaro zai iya zaɓa? Ɗan likita ya san wannan tun yana aji na ƙasa don a teburin cin abinci yake ji. Ɗan direban tasi kuma, wanda wataƙila ya fi shi ƙwaƙwalwa, sai a watan Satumba yake ji. Bara wata yarinya ta zo min da kuka kan haka, maki duk masu kyau, shekara ta tafi. Kuma ku sassauta musu, asibiti ba likita kaɗai ba ne, akwai masu ɗaukar hoto, masu harhaɗa magani, masu gashin ƙashi, ungozoma, masu binciken jini. Matanmu nawa ne suke addu'ar Allah ya haɗa su da ungozoma mai jin Hausa ranar naƙuda?

Na san wani zai ce to duk wannan ai kwashe ma'aikata ne daga gida, Najeriya da Nijar da Gana duk suna cikin jerin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 na masu ƙarancin ma'aikatan lafiya. Gaskiya ne kuma yana damuna, mahaifiyata a can take ganin likita. Ni dai abin da na iya shi ne duk wata ina zama da ɗaliban jinya na gida ta Zoom, ba na koya musu yadda za su fito, muna maganar rubuta rahoto da lura da mara lafiya kafin ya rikice. Wanda zai fito zai fito, wanda zai zauna ya zauna da ƙarin sani.

Yanzu ga abin da na roƙi shugabanni kuma suka amince. Mutum ɗaya, awa ɗaya a wata, na tsawon shekara. Ba rance ba ne, ba neman biza ba ne, kuma iyayena maza ku yi haƙuri in faɗa, ba hanyar neman ta biyu ba ce, mace za mu haɗa ta da mace in dai akwai. Kai kuma da za a kama hannunka, in an ce ka gyara takarda zuwa Juma'a ka gyara, kar ka bari wanda ya fito aikin dare yana bin ka da waya. 'Yan uwana nas-nas kar ku ce ba lokaci, duk shekara uku sai mun sabunta rajista da awa 450 na aiki da awa 35 na ƙarin ilimi da rubutun waiwaye guda biyar, to abin da kika koya wajen jan ƙanwarki ma abin rubutawa ne. Kuma sharaɗi na ƙarshe, wanda ya fi wuya, duk wanda ya karɓi wani sai ya faɗa masa inda shi ya faɗi, ba inda ya ci kaɗai ba. Ni na fara da nawa yau a gaban surukaina.

Akwai takarda biyu a teburin bakin ƙofa, fara ta masu bayarwa, shuɗiya ta masu nema, a rubuta suna da fanni da lamba, kuma ba laifi mutum ya rubuta a duka biyun, ni ma zan sa sunana a shuɗiyar don ina neman wanda ya san harkar digiri na biyu. Sakatare na ga hannunka. Masu abinci sun ce waina tana hucewa. Na gode, Allah ya bar zumunci, wassalamu alaikum.