Sharhi: Wane Littafi ne a Hannunka?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai tsaya ne kan wata 'yar tambaya da akan jefa a majalisa, ko a ofishin malaman makaranta, ko a zauren WhatsApp: wane littafi kake karantawa yanzu? Tambaya ce mai albarka, amma sau da yawa amsarta ce ke kashe ta. Sai ka ji an ce, "Wallahi wani littafi ne mai daɗi, na manta sunan wanda ya rubuta." Wanda ya yi tambayar bai ƙaru da komai ba, domin ko ya shiga kasuwar Birnin Kebbi da kuɗinsa a hannu, bai san abin da zai ce wa mai shagon littattafai ba.

Mu nan ƙasar Gwandu muna da abin koyi a gida. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, ya rubuta wani littafi mai suna Ida'un Nusukh, inda ya jera malaman da ya ɗauki karatu wurinsu da abin da ya karanta gaban kowanne. Ya ce ya yi karatun Alƙur'ani wurin mahaifinsa, sannan aka damƙa shi ga yayansa yana ɗan shekara 13, ya karanci Ishiriniya da Ajurumiya da Ahalari da Ishmawi da Risala. Ya ambaci Malam Jibrilu ɗan Umaru da sauran malamai. Fiye da shekara 200 ke nan, amma har yau masu bincike suna komawa ga wannan jeri don su san irin karatun da ake yi a ƙasar nan kafin jihadi. Abin da ya ba shi daraja shi ne Malam bai yi maganar a dunƙule ba. Ya kama suna, ya faɗi wurin wa, ya faɗi fannin.

To, haka ya kamata amsarmu ta kasance. In an tambaye ka, faɗi sunan littafin da na marubucinsa yadda suke a bango. Faɗi inda ka kai, shafi na 60 ne ko babi na huɗu, domin ra'ayin wanda ya kai rabi daban yake da na wanda ya sauke. Sannan ka kawo abu ɗaya tak da ya tsaya maka a rai, ko wanda ka kasa ganewa, ko wanda ba ka yarda da shi ba. Wannan na ƙarshen ya fi kowane amfani, don shi ke buɗe bakin sauran jama'a. In kuwa littafin labari ne, kada ka faɗi yadda ya ƙare. Wanda aka gaya wa ƙarshen labari da wuya ya nemi farkonsa.

Masu son su mai da abin zama na mako-mako, kada su tara taro. Mutum shida zuwa takwas sun isa. In kowa ya sami minti biyar, mutum takwas za su cinye minti 40, a bar minti 20 na tambaya da amsa, a tashi kafin kiran magariba in an zauna bayan la'asar. Da zarar an haura goma, mutum biyu ko uku masu baki za su mamaye zaman, masu kunya su yi shiru, mako na uku ba za a ƙara ganinsu ba. Saboda haka a naɗa mai kula da lokaci, kuma a riƙa juya wannan aiki. Ba dole ba ne kowa ya karanta littafi iri ɗaya. Ɗalibin kwalejin ilimi ta Argungu ya zo da na tarihin Kanta, manomin shinkafa ya zo da ɗan littafin da ke bayanin takin zamani, wata baiwar Allah a nasu zaman na mata ta zo da na soyayya, wani ya zo da waƙa cikin ajami. Kada a raina abin da kowa ya kawo. Wanda aka yi wa dariya sau ɗaya saboda littafinsa ƙarami ne, an rasa shi ke nan.

Inda gizo ke saƙar shi ne aro. Duk wanda ya ji an yabi littafi zai ce a ba shi ya duba, kuma a nan zumunci da yawa ya lalace. Mutum takwas in kowa ya kawo uku, an sami littafi 24, wanda ya isa a yi wata da watanni ana juyawa, amma fa sai in suna dawowa. A sayi littafin rubutu mai shafi 40, a ja layi biyar a kowane shafi: sunan littafi, mai shi, wanda ya ara, ranar da ya karɓa, ranar da zai mayar. Mai aro ya sa hannu da kansa. Wa'adin mako biyu ya wadatar, domin mai karanta shafi goma a rana zai gama shafi 140 cikin kwana 14. In littafin mai kauri ne, a zo da shi zaman a nuna, a sabunta kwanan wata. Dalilin kawo shi ido ya gani shi ne sau da yawa littattafan da ke ɓata ba a hannun mai aro na farko suke ɓata ba. Shi ya ba abokinsa, abokin ya ba ƙanwarsa, ita kuma ta tafi da shi makarantar kwana. Aron aro shi ne babban ɓarawon littafi, don haka a hana shi tun ranar farko, kuma kada a ba mutum littafi na biyu sai ya dawo da na farko. Mai littafi ya rubuta sunansa a cikin bango, ya sake rubutawa a wani shafi na tsakiya, saboda bango shi ke fara cirewa. A kuma amince tun da wuri cewa wanda ya ɓatar zai saya ya biya. In ana tara ko da naira 500 kowane wata, asusun zai ɗauki nauyin gyara da sayen sabo.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta mutum ba. Da damina, littafin da aka jingina da bangon ƙasa yakan sha danshi, ya yi fumfuna, gara ta biyo. A ɗora littattafai kan kanta ko benci, aƙalla taki ɗaya daga ƙasa, a bar 'yar tazara tsakaninsu da bango, a sa ƙwayar kafur a kusurwa saboda kyankyasai. Leda tana da amfani in za a hau babur ana yayyafi, amma ba wurin ajiya ba ce, don tana riƙe gumi. Littafin da ya jiƙe kada a shanya shi a rana, takardar za ta ƙandare ta murɗe. A tsayar da shi a inuwa inda iska ke ratsawa, a buɗe shafukan, in ya kusa bushewa a danne shi da abu mai nauyi. Da hunturu kuwa gam ɗin da ya riƙe bayan littafi yakan bushe ya tsage, musamman in ana naɗe bango baya lokacin karatu. In shafuka sun fara zubewa, a kai wa masu ɗinkin littafi su huda su ɗinke da zare. Salatif yakan yi ja bayan ɗan lokaci, ya saki, ya bar tabo a kan rubutu.

Game da zauren WhatsApp, yana taimakon wanda ke Zuru ko Yawuri ya ji abin da na Jega ke karantawa, amma yana saurin mutuwa in aka bari saƙonnin turawa da gardamar siyasa suka cika shi. A ware rana ɗaya a mako, kowa ya ɗora hoton bango da layi uku na bayani, ko saƙon murya da bai wuce minti biyu ba, wanda zai amfani har waɗanda karatun boko bai zauna musu sosai ba. Sai dai muna roƙo, kada a ɗauki hoton littafin mutum shafi-shafi a watsa. Marubucin ya biya maɗaba'a, yana jiran kuɗinsa su fito kafin ya buga na gaba. A ɗora bango, a faɗi shagon da ake samunsa da farashin da aka saya.