Takalma 5,500 a Ƙofar Majalisa: Manoman Wales da Makomar Harshensu

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

Sharhinmu na yau zai kai mu Wales, ɗaya daga cikin yankuna huɗu da suka haɗu suka yi Birtaniya. Ƙasa ce ta tsaunuka da yawan ruwan sama. Mutanenta miliyan 3 ne da 'yan kai, tumakinta kuwa sun kusa ninka mutanen sau uku. Suna da harshensu na gado, wanda Turawan Ingila ke kira Welsh, su kuma masu shi suke kira Cymraeg, kuma ana magana da shi a tsibirin tun kafin Ingilishi ya kafu.

A ranar 6 ga watan Maris na 2024, duk wanda ya bi ta gaban majalisar dokokin Wales a birnin Cardiff ya ga abin da ba a saba gani ba. An jera takalman roba masu dogon wuya, irin waɗanda manomi ke sawa ya shiga taɓo, tun daga matakalar farko har zuwa bakin ƙofa. Ƙafa biyu-biyu har 5,500, manya da ƙanana, wasu sun sha aiki har sun koɗe, kuma babu ƙafar kowa a ciki. Ƙungiyar manoma ta NFU Cymru ce ta jera su. Ba da ka ta zaɓi adadin ba. Wani nazari da ita kanta gwamnatin Wales ta sa aka yi ne ya nuna cewa sabon tsarinta na tallafin noma zai iya cinye ayyukan yi 5,500 a gonaki, ya rage dabbobin da yawansu ya yi daidai da shanu kimanin 122,000, ya kuma zaftare fam miliyan 199 daga abin da manoma ke samu. Mako guda kafin nan, ranar 28 ga Fabrairu, manoma wajen 3,000 ne suka cika wannan fili, bayan tarukan da suka yi a kasuwannin kara na Welshpool da Carmarthen, da jerin gwanon taraktocin da suka riƙa tafiyar hawainiya a manyan hanyoyi. Takensu da harshensu shi ne "Digon yw digon", wato abin ya isa haka.

Ruwa ba ya tsami banza. Shekara da shekaru manomin Wales yana karɓar tallafi daga Tarayyar Turai gwargwadon faɗin gonarsa. A kan tudun da ba ya yin alkama, ba ya yin komai sai ciyawa, wannan kuɗi ne ke riƙe da gidaje da yawa. Da Birtaniya ta fita daga Tarayyar a 2020, sai ya zama dole Cardiff ta fito da nata tsarin. Gwamnatin jam'iyyar Labour ta lokacin, ƙarƙashin Mark Drakeford, ta ce duk mai son tallafi sai kashi 10 cikin 100 na gonarsa ya zama bishiyoyi, wani kashi 10 kuma a bar shi don tsuntsaye da tsirrai da namun daji. Manomi ya duba gonarsa, ya ga kashi ɗaya cikin biyar na iya fita daga kiwo, alhali bashin banki bai ragu ba.

Kuma wannan ya zo ne a kan wasu miyakun da ba su warke ba. Akwai tarin fuka na shanu. Likitan dabbobi zai zo ya aske wuri biyu a wuyan saniya ya yi mata allura, ya dawo bayan kwana uku da ma'auni ya gwada kumburin. Idan ya wuce ƙa'ida, to an yanke mata hukunci, ko da tana da ciki, ko da kakarta ma a gidan aka haife ta. Kimanin shanu 10,000 ake kashewa a Wales duk shekara ta wannan hanya, a kuma rufe gonar, ba saye ba sayarwa. Manoma na ɗora laifin yaɗuwar cutar a kan wata dabbar daji mai kama da dage, wadda aka yi shekaru ana rage ta a Ingila amma gwamnatin Wales ta ƙi yarda. Ga kuma dokar 2021 kan gurɓatar ruwa, wadda ta ƙayyade watannin da ba za a watsa kashin shanu a gona ba, ta tilasta wa masu kiwo gina manyan ma'ajiya da kuɗi mai yawa.

Ba zan ce gwamnati ba ta da hujja ba. Kogunan Wales irin su Wye da Teifi suna fama da gurɓata, wani ɓangare daga gonaki ne, wani daga ruwan ƙazanta na garuruwa. Ɗumamar yanayi gaskiya ce, mu da muke gefen hamada ba ma buƙatar a yi mana bayani. Dasa itace alheri ne. Abin da na tsaya a kansa shi ne, wanda ya zauna a ofis ya rubuta kashi 10 cikin 100 ga kowace gona, da ta kan tsaunin da iska ba ta barin itace ya tsaya, da ta mai haya wanda ƙasar ma ba tasa ba ce, ya ƙirga itace amma bai ƙirga wanda zai bar gida ba. Kuma a Wales, wanda zai bar gidan nan, sau da yawa shi ne mai harshen.

Ga lissafin. A 1901, rabin mutanen Wales suna jin harshen. Ƙidayar 2011 ta samu mutum 562,000, kashi 19 cikin 100. Ta 2021 ta samu 538,300, kashi 17.8, kaso mafi ƙaranci da aka taɓa gani. Amma a cikin masu noma da aikin daji da su, ƙidayar 2011 ta nuna kashi 43 cikin 100 ne ke magana da shi, babu wata sana'a da ta kai haka. Inda harshen ya fi ƙarfi kuma ƙasar makiyaya ce: Gwynedd kashi 64, tsibirin Anglesey kashi 56, Ceredigion kashi 45. Carmarthenshire, ƙasar madara, ita ce ta fi kowa zubewa, daga wajen kashi 44 zuwa 40 cikin shekara goma.

Gwamnatin da ta kawo tsarin bishiyoyin ita ce dai ta yi alkawari a 2017 cewa kafin 2050 masu jin harshen za su kai miliyan 1. Ta zuba kuɗi a makarantu, kuma yara a Cardiff waɗanda iyayensu ba su san ko gaisuwa ba yanzu suna karatu da shi. Wannan abin yabo ne. Sai dai yaron da ya koya a aji, da an tashi ya koma Ingilishi da abokansa, dabam yake da yaron da ya tashi yana jin uba na kiran karen kiwo da harshen, ana ciniki da shi a kara, ana faɗa da shi, ana zaman makoki da shi. Gidan gona ne ke cika makarantar ƙauye da yara, shi ke cika majami'a da ƙungiyar matasa manoma inda ake gasar waƙa da wasan kwaikwayo. Idan gida uku suka tashi daga kwari guda, makaranta na iya rufewa, kuma wanda zai sayi gidan galibi mai kuɗi ne daga wajen yankin da ke neman wurin hutu.

Akwai wata kalma tasu da nake so masu sauraro su riƙe: cynefin. Tumakin tsaunukan Wales ba su da shinge, amma kowane garke ya san iyakar inda yake kiwo, uwa ce ke nuna wa ɗanta, shi ma ya nuna wa nasa. Wannan sanin wuri shi ne cynefin, kuma da ita suke kiran shaƙuwar mutum da mahaifarsa. Idan aka sayar da garken, ba a sayo wannan sani a kasuwa. Suna da hafod, mazaunin kan tudu lokacin zafi, da hendre, gidan kwari na lokacin sanyi, abin da duk wanda ya san mashekarin Fulani zai gane nan take. Kowane fegi na gona yana da suna, sunan da ke faɗin inda rijiya take ko inda aka taɓa shuka hatsi. Ranar da kamfanin zuba jari ya sayi gonar dungurungum ya dasa itatuwa don ya sayar wa masu gurɓata iska shaidar wanke laifi, kamar yadda aka fara gani a Carmarthenshire wajen 2021, waɗannan sunaye sun tafi ke nan, domin babu sauran mai kiran su.

Mutanen Wales ba yau suka fara ganin haka ba, shi ya sa zuciyarsu ke saurin tashi. A 1940 ma'aikatar yaƙin Birtaniya ta tashi mutum 219 daga gidaje 54 a tsaunin Epynt don yin filin atisaye, al'umma guda mai magana da harshen ta watse, kuma har yau sojoji ne a wurin. A 1965 aka nutsar da ƙauyen Capel Celyn a kwarin Tryweryn don bai wa birnin Liverpool ruwa, duk da cewa babu ɗan majalisar Wales ko ɗaya da ya goyi bayan dokar. Har yanzu ana rubuta "Cofiwch Dryweryn" a jikin bango, wato ku tuna da Tryweryn. A wancan lokaci Landan ce ta yi. Abin da ya ƙara wa na 2024 ciwo shi ne daga Cardiff ya fito, daga majalisarsu ta kansu, wadda dokarta ta noma ta 2023 ta rubuta ƙarara cewa raya harshen yana cikin manufofin kula da ƙasa.

Gwamnati ta ji kukan, wannan gaskiya ne. A watan Mayun 2024 sabon ministan karkara, Huw Irranca-Davies, ya ɗage fara tsarin zuwa 2026, ya zauna da ƙungiyoyin manoma, a watan Nuwamba kuma aka janye sharaɗin kashi 10 na bishiyoyi ga kowace gona, aka bar na namun daji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, da an fara da wannan zama tun farko da ba a kai ga jera takalma ba. Amma tsugune ba ta ƙare ba, domin a watan Oktoban 2024 ministar kuɗin Birtaniya, Rachel Reeves, ta sanar da harajin gado a kan gonakin da darajarsu ta wuce fam miliyan 1, abin da a da aka yafe. Gona tana da tsada a takarda, kuɗin hannu kuwa kaɗan ne, don haka fargabar ita ce ɗa zai sayar da wani yanki kafin ya gaji ubansa.

Mu ma mun san wannan hanya. Gidajen Fulani nawa ne a Kano da Katsina da Sakkwato waɗanda kaka ke jin Fulatanci, uba ya ji kaɗan, jika ko kalma? Babu dokar da ta hana su. Shanun ne suka tafi, aka shigo gari, harshen ya bi shanun. Ko a Hausa, da yawan masu ita, tambayi yaron birni mene ne gandu, ko gayauna, ko burtali, ka ji amsarsa.

Saboda haka abin da nake ganin ya kamata mahukuntan Cardiff su yi ba shi da wuya. Duk shekara, idan za su faɗi kadada nawa aka dasa wa itace, su faɗi gidajen gona nawa suka rufe a Gwynedd da Ceredigion da Carmarthenshire, da yara nawa suka rage a makarantun ƙauyukan. Kuɗin dasa itace kuma ya tafi hannun manomin da ke zaune a wurin, ya dasa a bakin rafi da kan iyaka inda ya san zai kama, kafin ya tafi hannun kamfanin da bai taɓa kwana a kwarin ba. Ƙidaya ta gaba sai 2031, kuma yaran da za a ƙirga a cikinta yanzu haka suna bin iyayensu zuwa garke.

A nan za mu dakata. A huta lafiya.