Mai ɗiban jini: hannun da sakamakon awo ya dogara da shi

Masu kallo, assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa zuwa Babban Asibitin Ƙasa na Yamai ko asibitin Lamorde da sassafe ya san layin nan na ƙofar ɗakin awo, inda mutane ke zaune da takardar likita a hannu, wasunsu ba su karya kumallo ba domin awon sukari yana buƙatar a yi aƙalla awa 8 ba a ci komai ba. Yau za mu yi bayani a kan ma'aikacin da ke jiran su a cikin ɗakin, wato mai ɗiban jini.

A Amurka wannan sana'a ce mai zaman kanta, da takardar shaidarta ta daban. A Nijar kuwa, galibi malaman jinya da ma'aikatan ɗakin awo ne ke yin ta, kuma suna koyon ta ne a makarantun kiwon lafiya irin su ENSP Damure Zika ta Yamai da takwararta ta Damagaram, kafin hannu ya faɗa a lokacin koyon aiki a asibiti.

Aikin yana farawa tun kafin a taɓa allura. Ma'aikaci zai tambayi mutum cikakken sunansa, ya gwada da abin da ke rubuce a takarda, domin a garin da ake iya samun Musa uku ko Hadiza huɗu a layi ɗaya, musayar kwalba tana iya sa a ba mai lafiya maganin da ba nasa ba, a kuma sallami maras lafiya. Sannan ya wanke hannu, ya sa safar hannu, ya ɗaura igiyar roba a damtse, ya laluba jijiya a lanƙwasar hannu da ɗan yatsa, ya goge wurin da alkol, ya bari ya bushe. Idan igiyar ta daɗe a ɗaure, ko aka girgiza kwalbar da ƙarfi har ƙwayoyin jinin suka farfashe, sakamakon zai iya nuna sinadarin fotasiyom ya hau alhali jikin mutum lafiya yake. Na'ura ba ta san an yi kuskure ba, abin da aka ba ta shi za ta auna.

Launin murfin kwalba ma yana da ma'ana. Mai launin shunayya ta ƙidayar ƙwayoyin jini ce, shuɗiya ta awon daskarewar jini, mai ruwan toka kuma ta sukari.

Abin da littafi ba ya iya koyarwa sosai shi ne magana da mutane. Dattijo zai ce, "Ɗana, kada ka ƙarar mini da jini," sai a amsa masa, "Baba, ka kwantar da hankalinka, abin da zan ɗiba bai wuce cokalin shayi ba," kuma gaskiya ce, tunda kwalbar ba ta cika wuce mililita 5 ba, alhali jikin babban mutum yana ɗauke da kusan lita 5. A cikin damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakunan yara, za a kawo jinjirin da jininsa ya yi ƙasa, jijiyarsa ta ɓuya, uwarsa tana hawaye. Haka ma masu amosanin jini, wanda a nan muka fi sani da emasi, waɗanda hannuwansu suka sha allura tun suna ƙanana. A ganina, a nan ne ake gane gwani, domin shi ne wanda idan ya gwada sau biyu bai samu ba zai kira abokin aiki ya karɓe shi, maimakon ya yi ta sukar yaro saboda jin nauyin a ce ya kasa.

Sana'ar tana da haɗari, kuma bai kamata a ɓoye wa mai sha'awarta ba. Allurar da aka yi amfani da ita tana iya ɗauke da ciwon hanta nau'in B ko C, ko kuma sida. Shi ya sa ba a mayar mata da murfi da hannu biyu, kai tsaye ake jefa ta cikin akwatin da aka tanada. Kowane ɗalibi ya nemi rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin ya fara aiki, kuma wanda allura ta soka ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya sanar da shugabansa nan take, domin maganin kariya daga sida dole a fara shi cikin awa 72.

Wuraren aiki sun haɗa da asibitoci, da gidan haihuwa na Isaka Gazobi, da ɗakunan awo masu zaman kansu, da kuma Cibiyar Ƙarin Jini ta Ƙasa, inda ake ɗibar kusan mililita 450 daga kowane mai ba da kyautar jini. A can wanda ke gabanka lafiyayye ne da ya zo da ƙafarsa don taimakon wanda bai sani ba, kuma yadda ka tarbe shi, da yadda allurarka ta shiga, su ne sau da yawa ke sa ya dawo bayan wata uku ko huɗu, ko kuma ya ƙi.