Ta Kwashi Adashe Ta Daina Zubi: Me Zumunta Za Ta Yi?

Mai gabatarwa: Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, masu sauraro. Ina tare da Baba Fasto da Mama kamar kullum. Yau kan annabi Mika za mu zauna, sura 6 aya 8, inda aka haɗa aikata gaskiya da ƙaunar jinƙai a wuri guda. A kan bagadi faɗarsu da sauƙi. Mama, kawo mana su cikin kasuwa.

Mama: To ɗana, mu ɗauki adashen zumuntar mata. Mata 10, zubin naira 5,000 duk mako, kwasa 50,000. Wata ta roƙa aka ba ta kwasa ta biyu saboda kuɗin makarantar yara. Ta yi zubi na uku, daga nan shiru. Saura mako 7, wato 35,000 ke kanta. Mata bakwai da ba su kwasa ba, kowacce 45,000 za ta tarar maimakon 50,000.

Mai gabatarwa: Sai wata ta miƙe a taro ta ce, ai mu masu bi ne, a yafe mata.

Baba Fasto: A nan ake fara ɓata abu. Wadda ta ce a yafe, ka bincika, galibi ta riga ta kwashi nata. Ba ka da ikon yafe abin da ba naka ba. Sarkin da ke cikin misalin Matiyu 18, talanti 10,000 da ya yafe dukiyarsa ce. Dubi kuma Bulus a wasiƙarsa zuwa ga Filimon, aya 18 da 19. Ya roƙa wa Onisimus, bawan Filimon, amma bai ce Filimon ya manta da asararsa ba. Cewa ya yi a lissafa a kansa, shi zai biya, har ya rubuta da hannunsa. Mai son a yi jinƙai ya fara da buɗe nasa aljihun.

Mama: Cikin bakwai ɗin nan kuwa akwai gwauruwa mai tuyar ƙosai, da kwasarta take jiran sayen buhun wake. Ita wa zai ji ƙanta?

Mai gabatarwa: Kenan a matsa wa mai bashin lamba?

Mama: A'a, kada ka yi saurin tsallakawa. Abu na farko, a san ko kasawa ta yi ko ƙi ta yi, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Uwar adashe ta je gidanta ita kaɗai, ba ranar Lahadi a ƙofar majami'a ba, ba kuma a dandalin WhatsApp na zumunta ba. Ta tambaye ta abu uku: ina kuɗin suka shiga, me ya tsayar da zubin, nawa za ki iya kawowa duk mako ba tare da yaranki sun kwana da yunwa ba. Wadda ta kasa takan faɗi dalili guda, kuma ana iya ganinsa da ido: miji a asibiti, ko kayan sana'a sun lalace. Wadda ta ƙi, yau labari gobe wani, ba ta ɗaga waya, amma ga ta da sabon anko a wurin biki.

Baba Fasto: Wannan zuwa ita kaɗai ɗin shi ne mataki na farko a Matiyu 18:15. In ba ta saurara ba, a koma da mutum ɗaya ko biyu. Sai an gaza a nan a kai wa ikilisiya. Mu kuma mukan juya tsarin, kowa ya ji labari kafin mai laifin ta san ana maganarta. Da ta ji sunanta a bakin mutane sai ta daina zuwa sujada, kuɗin ma ya tafi da ita.

Mai gabatarwa: Shaidun nan, wa ya kamata a ɗauka?

Baba Fasto: Waɗanda ba sa bin ta ko sisi, ba kuma danginta ba. Littafin Firistoci 19:15 ya hana son kai ta fuska biyu: kada a goyi bayan matalauci don talaucinsa, kada a ji nauyin babba don girmansa. Na biyun ya fi damun mu. In matar dattijo ce, ko matar mai ba da baiko mai kauri, sai ka ga bakin kowa ya mutu.

Mama: In an tabbatar kasawa ce, sai a zauna a sake lissafi. Ba ta iya 5,000, amma tana iya 2,500. A raba 35,000 haka, mako 14 ke nan. A rubuta a littafin uwar adashe, ita da shaidu biyu su sa hannu ko su dangwala. Matan bakwai kuma a tambaye su ɗaya bayan ɗaya, a keɓe, wa za ta iya jira, wa ba za ta iya ba. Wadda ba za ta iya ba, a cike mata daga asusun taimako na zumunta, in masu asusun sun amince, mai bashin ta riƙa mayarwa can. In wata ta ce ta bar nata 5,000 ɗin saboda Allah, madalla, amma da bakinta, ba don an zuba mata ido a taro ba.

Mai gabatarwa: Wasu kan je su ɗauke kaya a matsayin jingina.

Baba Fasto: Maimaitawar Shari'a 24 ta yi wa wannan iyaka. Aya ta 6 ta hana karɓar dutsen niƙa, domin da shi mutum ke ci. A yau keken ɗinki ne, ko injin markaɗe, ko kaskon tuya. Ka ɗauke shi, da me za ta biya ka? Aya ta 10 da 11 kuma sun ce kada mai bin bashi ya shiga cikin gida ya ɗauko jingina, ya tsaya a waje a fito masa da ita. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, bai kai a tozarta mace gaban 'ya'yanta ba.

Mai gabatarwa: To wadda ke da shi ta ƙi fa, Baba?

Baba Fasto: Zabura 37:21 ta kira mai cin bashi bai biya ba mugu, ba ta sakaya ba. Ita sai gaban dattawan ikilisiya, a sa mata wa'adi a rubuce. In ta taurare, horo ya biyo baya: a dakatar da ita daga riƙe muƙami, wasu ikilisiyoyin har da jibin Ubangiji. Amma a faɗa mata tun ranar abin da zai kawo ƙarshen horon. Kuka a gaban dattawa kaɗai bai isa ba. Zakka mai karɓar haraji, a Luka 19, tubansa da lissafi ya zo, ribi huɗu ga duk wanda ya zalunta. Mu ba ma neman ribi huɗu, 35,000 ɗin dai ta dawo.

Mama: Ranar da ta cika kuma a rufe littafin. Wannan ne mata suka fi kasawa, gaskiya. An biya, amma shekara biyu ana kiranta mai cin adashe. 2 Korantiyawa 2:7 ta ce a yafe wa wanda aka hora, a ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya shanye shi.

Mai gabatarwa: In za a sake sabon zagaye, a sa ta?

Mama: A sa ta mana. Amma kwasarta ta zama ta ƙarshe.